Kaza Da Shinkafa A Kasko Ɗaya, Da Yadda Za Ka Ɓoye Wa Surukinka Cewa Ka Cinye Ƙundu

Rostand ya cinye ƙundun surukinsa. Abin da ya lalace ke nan. Ba gishiri ba ne, ba kuma wuta ba ce, ko da yake ita ma wutar ta yi nata.

Rostand maƙwabcina ne a Rumde Ajiya, nan Garuwa. Ɗan moto ne, wato ɗan acaɓa, yana jigilar fasinja tsakanin babbar kasuwa da gada. Ni ne Oumar mai walda, shagona a jikin katangarsa yake. Girkin nan ni na tsara masa shi daga farko har ƙarshe, don haka babu wanda ya fi ni saninsa. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin azahar za ka ga kaza mai ƙamshin hayaƙi kwance a kan shinkafa, a kasko ɗaya tak, kuma matarka za ta dawo ɗakinta. Ta Rostand ma ta dawo. Yadda ta dawo ɗin za mu zo kansa.

1. Ka fara da sakin baki

Girkin nan ba ya yiwuwa sai matarka ba ta gida, kuma hanya mafi sauri ita ce wadda Rostand ya bi. Ya dawo daga aiki ya tarar da matarsa Angèle durƙushe a bakin famfo tana wankin tukwane biyar. Maimakon ya ce sannu, sai ya riƙe ƙugu.

"Wai duk wannan tarkacen na mene ne? Abincin da ciki ɗaya zai shiga? Ni a kasko ɗaya zan yi shi, har ya fi naki."

Angèle ta ɗauraye tukunyar ƙarshe. Ta goge hannu a zani. Washegari da safe ta hau motar Mayo-Oulo, gidan ubanta, da tukwanen nan biyar har da murafensu.

Sati uku Rostand yana rayuwa a kan fanke da wake. A na huɗu wayarsa ta yi ƙara. Baba André ne, surukinsa.

"Lahadi zan zo da 'yata da zakara. Ka ce kasko ɗaya. In na ci na gamsu, in bar maka ita. In ban gamsu ba, da motar yamma za mu koma, kuma ba sai ka ƙara kira ba."

2. Ka nemo kasko

An ce kasko ɗaya, ba a ce ƙarami ba. Tunda an kwashe maka tukwane, ka je wurin mai walda. Ni tsohon farantin parabol na samo masa, irin wanda ake kafawa a kan rufi don kama tashoshin talabijin. Na toshe ramukan ƙusa, na liƙa masa hannuwa biyu da birkin tsohon moto, na yanko murfin ganga ya zama murfinsa.

Wasu za su ce maka akwai sauran fenti a jiki. Fenti na ƙonewa. Ka sa shi a wuta rabin awa, abin da bai fita ba ya zama na gida.

3. Ka karɓi zakaran da hannu biyu

Lahadi da hantsi suka iso. Baba André manomi ne daga kan duwatsu, gajere, busasshe, ya rungumo zakara a hammata kamar rediyo. Aka gaisa da Fulatanci, aka yi jam na, aka yi jam. Ya miƙa zakaran ya ce, "Wata bakwai ina ba shi dawa da hannuna. Na san shi ciki da waje."

In tsoho ya ce maka ya san kaza ciki da waje, ka lura da kalmar ciki.

Angèle ta tsaya a bayan ubanta tana kallon kaskon.

"Malam Oumar, a nan ne za a dafa shinkafar, ko ƙwallo za mu kalla?"

Suka wuce coci, suka ce sai an tashi.

To ka saurara da kyau, don duk maganar a nan take. A wurin su Baba André, ƙundun kaza na babban namijin da ke zaune ne. Ba na mai girki ba ne, ba na mace ba ne, ba na yara ba ne. Ka kawo cinya goma babu ƙundu, a wurinsu ba ka yanka komai ba, ka kuma gaya wa tsohon cewa bai kai ba.

Yanka kuwa, ka kira maƙwabcinka Musulmi, don kowa a unguwa ya iya sa hannu. Ni aka kira. Na yi bisimilla na yanka, muka fige, na farke ciki na ciro ƙundun, na tsaga shi na wanke tsakuwar, na ɗaga shi daidai hancin Rostand.

"Ka ga wannan? Matarka ce. Ka sa mata ido."

"Haba gran, ni yaro ne?" Gran, wato babban yaya, haka yake kirana.

4. Ka ɗanɗana, tunda ba ka jin magana

Ka daka albasa, tafarnuwa, citta da attarugu. Ka zuba tumatirin gwangwani, mutar, wato mastad, cokali biyu, zuma kaɗan, magi, gishiri, da yajin ƙuli irin na masu tsire. Ka cuɗe naman da shi har ya yi ja. Ka ɗora kasko a kan gawayi, ka zuba man auduga, ka jera naman ka bar fatar ta kama ta yi duhu. Kada ka yi ta juyi kamar mai neman canji a aljihu. Ka bar shi.

Yanzu sai ɗanɗano. Rostand ya yi lissafi mai kyau, na yarda. Cinya biyu ce, za a gane. Fiffike biyu ne, za a gane. Sai ya hango wani ɗan dunƙule a gefe, yaji ya rufe shi ruf, ya ce a ransa ai hanta ce, hanta kuwa ba ta da mai ita. Ya hura ya jefa a baki.

"Gran, gishiri ya ji."

"Me ka ɗanɗana?"

"Hanta."

Na nuna masa hantar da cokali, tana can tana soyuwa abinta.

"Hantar taka tana ƙaras-ƙaras a haƙori?"

Ya dafa maƙogwaro. Ya riga ya wuce.

5. Ka zuba shinkafa ka fita neman wani

Kada ka zauna kana riƙe kai, a coci ba sa jiran kowa. Ka kwashe naman gefe, ka soya shinkafa a cikin man da ya bari, ka zuba ruwa ninki biyu, ka mayar da naman a kai, ka rufe. In ba ka da abin awo, kwalbar lita ta masu sayar da fetur a bakin titi ta isa. Ka wanke ta sau uku. Rostand sau biyu ya wanke.

Daga nan ka hau moto. Shi wurin Mahamat mai tsire ya nufa, can kusa da tasha.

"Ƙundun kaza ya ƙare tun jiya," in ji Mahamat. "Sai na talo-talo guda ɗaya, wani mai biki ya bari."

"Ba ƙarami?"

"Ka taɓa ganin ƙaramin talo-talo? Tsohon naka yana gani sosai?"

"Yana zare ƙaya ba tabarau."

"To Allah ya ba da sa'a."

Kafin ka fita, ka bar wa wani tsaron wuta. Ni aka bar wa. Na ga gawayin yana wasa da lokaci, sai na jawo wutar walda na ɗan taimaka masa ta ƙasa. Shinkafar sama ta nuna da kyau. Ta ƙasa kuwa ta zama ɗaya da kaskon, kuma a sana'ata wannan ba laifi ba ne, aiki ne mai kyau.

6. Ka sa hayaƙi, ka ƙara

Ga sirrin ƙamshin. Ka ɗauki gwangwanin tumatirin da ka juye, ka kafa shi a tsakiyar shinkafa, ka jefa garwashi ɗaya a ciki, ka ɗiga mai, ka rufe da sauri. Minti biyar, abincin zai yi ƙamshi kamar a gona aka gasa shi.

Wannan na wanda ƙundunsa ke nan ne. Kai da ka cinye naka, garwashi uku za ka sa, ka tura na talo-talon can ƙarƙashin shinkafa, ka kai kaskon cikin falo, ka rufe taga, ka saki labule. Mutum ba ya musu a kan abin da bai gani ba.

Ka dai kula wajen ɗauka. Rostand ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa, gwangwanin ya kife, garwashin ya nutse a cikin shinkafa. Lokacin kuwa muna jin muryar Angèle a bakin layi tana gaisawa da mata.

7. Ka buɗe murfi, ka rufe bakinka

Baba André ya zauna a kan tabarma, ya cire hula ya yi addu'a. Rostand ya ɗaga murfi. Ni ina bakin ƙofa, kuma daga wannan lokaci sai dai in gaya maka abin da na ji, don gani ya ɗauke. Tsohon ya yi tari sau biyu, sannan na ji cokali yana yawo a cikin shinkafa. Bai nemi cinya ba, bai nemi ƙirji ba.

Ya ciro wani baƙin dunƙule. Ya matsa da yatsa, ya shinshina, ya ajiye a gefe. Gawayi ne. Ya ciro na biyu, ya ajiye kusa da ɗan'uwansa. Ya ciro na uku.

"Ɗana, har da itacen ake ci a Garuwa?"

"Na ƙamshi ne, Papa."

A karo na huɗu cokalin ya yi nauyi. Tsohon ya ce, "Angèle, buɗe taga."

Da hayaƙi ya ragu, sai ga shi ya jera ƙundun kusa da cinyar zakaran a kan murfi. Ƙundun ya fi cinyar.

"Zakaran da na kawo ne ya haɗiyi talo-talo, ko talo-talon ne ya haɗiye shi?"

"Papa, haka girkin kasko ɗaya yake. Komai kumbura yake yi."

"Ita cinyar me ya hana ta?"

Angèle ta ja bakin zani ta toshe baki, kafaɗunta na rawa.

8. Ka tanadi shaida

Wannan matakin yana da muhimmanci. Tun kafin su dawo ka shirya da wanda ya yi yankan, cewa in an tambaye shi ya ce wannan ƙundun ya ciro. Mun shirya da Rostand, har da musafaha.

Tsohon ya juyo ya dube ni.

"Malam Oumar, kai ka sa wuƙa, da sunan Allah ka sa ta. Wannan ka ciro daga cikin zakarana?"

Ni ina ba mutane shawarar ƙarya, wannan taimako ne. Amma in ta fito daga bakina a kan dabbar da na yi wa bisimilla, wannan wata magana ce daban.

Na ce, "Baba, wanda na ciro yana cikin surukinka tun ƙarfe goma."

Shawarata a nan ita ce ka tanadi shaida, amma ka nemi wani ba ni ba.

9. Ka jira hukunci a tsaye

Baba André bai ɗaga murya ba. Ya ture ƙundun talo-talon wurin gawayi, ya jawo kaskon gabansa ya fara ci. Ya ci cinya ɗaya, ya ci ta biyu, ya bi shinkafar sama har cokali ya fara ƙara a kan ƙarfe. Rostand yana tsaye jikin bango yana duba agogon waya, don motar Mayo-Oulo ƙarfe uku take tashi, jakar Angèle kuma tana nan bakin ƙofa ba a kwance ta ba.

Biyu da rabi tsohon ya wanke hannu.

"Abincin ya ciyu. Akwai ɗan warin moto, amma ya ciyu. 'Yata za ta zauna."

Rostand ya fara durƙusawa zai yi godiya.

"Ban gama ba. Ka ci ƙunduna ina raye, to ka ci rabonka na duniya gaba ɗaya yau. Daga yanzu duk kazar da aka yanka a gidan nan, ƙundun nawa ne. Tunda hanya da nisa, ga ramuka, Angèle za ta riƙa ci a madadina."

"Papa, ai mace ba ta cin ƙundu."

"Ba mace ce za ta ci ba. Ni ne. Bakinta kawai na ara."

Ya sa hularsa. Angèle ta ɗauki jakarta ta nufi ɗaki, ta tsaya a ƙofa ta nuna kaskon da haɓa.

"Guda ɗaya ne ai. Wankinsa ba aiki ba ne."

Kwana biyu Rostand ya yi a kansa, sai da na ara masa injin gurzar ƙarfe.

Hannuna a wanke

Duk wanda ya bi matakan nan ya ƙone rufi, ko ya shaƙe suruki, ko ya ci fenti, ko matarsa ta koma ba ta dawo ba, kada ya zo shagona. Ni ƙarfe nake haɗawa, ba aure ba. Ban kai aji huɗu ba, ban taɓa dafa ko shayi a gidana ba, kuma tun farko ba ka tambaye ni ba.

Rostand dai ya samu matarsa, tukwane biyar sun koma bakin famfo, sai dai ranar Lahadi hutawa suke yi, don girkin ranar ya zama nasa. Ta katanga nake jin su. Shi yake figa, shi yake tsaga ƙundun ya wanke tsakuwar, ya soya shi daban a gefe inda ba za a yi kuskure ba, ya sa a ƙaramin faranti ya kai da hannu biyu. Angèle tana zaune a kujerarsa ta maigida. Takan tauna a hankali, ta haɗiye, sannan ta ce, "Papa ya ce gishiri ya yi kaɗan."

Shi kuma ya ce, "A gaya masa za a gyara," ya koma kan tabarma ya ci gaba da tsotsar wuya.