Rasuwar Tsoho, Firijin Rigakafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kodayake godiya ta fi yawa a cikinta, ni Murjanatu Kabo, mai kula da ƙaramin asibitinmu na nan ƙasar Baure, nake sanar da rasuwar firijin ajiyar allurar rigakafi, wanda kowa ya sani da Tsoho.

Marigayin ya kama aiki a daminar 2003. A amalanken shanu ya iso, domin mota ta kasa shigowa. Bai taɓa ɗanɗana wutar lantarki ba, kananzir ne abincinsa. Shekara ashirin da biyu, safe da yamma, Malam Lawal mai gadi yakan durƙusa ya leƙa lagwaninsa. In harshen wutar shuɗi ne, sai ya shaida mini Tsoho yana gaishe ni.

Mai kamun kai ne. Iyakar maganarsa "ƙululu, ƙul", kamar cikin mai azumi da la'asar. Duk zafin bazara, bai taɓa barin allura ta lalace ba. Sau ɗaya aka ci amanarsa, ranar da wata abokiyar aiki ta ɓoye kwanon fura a cikinsa. Ba zan faɗi suna ba, tunda Zulfa ta riga ta tuba.

Ciwon ajali ya kama shi ranar Alhamis: wutar ta yi ja, ya fara hayaƙi, sanyinsa ya ragu. Nan take Hussaini, ma'aikacinmu, ya kai allurar jarirai arba'in da ɗaya asibitin garin Baure a babur, cikin akwatin ƙanƙara. Alhamdu lillahi, ko kwalba ɗaya ba ta salwanta ba. Muka yi masa maganin da ya tashe shi har sau uku a baya, wato maza huɗu suka juya shi kai ƙasa ya yini a haka. Da aka miƙar da shi aka kunna, bai ce ƙul ba.

Ya bar akwatunan ƙanƙara biyu, mazurari ɗaya, da 'ya'ya marasa adadi, waɗanda wasunsu ke kawo nasu 'ya'yan yanzu. Magajinsa mai aiki da hasken rana ya iso ranar Asabar.

A nan damuwata take. Matan ƙauyukanmu sun yarda da allura ne don sun saba ganin ana ciro ta daga cikin Tsoho. Nagoggo, babbar ungozomarmu, ta aiko cewa ba za ta turo ko mai jego ɗaya rigakafin ranar Talata ba, wai ba ta san asalin baƙon ba, kuma ba ta ga yadda wanda rana ke ciyarwa zai yi sanyi ba. Na roƙe ta ta zo ta sa hannu a cikinsa. Ta sa, ta janye da sauri. Ta ce sanyi kam akwai, saura ta ga yadda za mu yi da wanda ya tsufa a hannunmu.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi masa salla ba, domin ƙarfe ne. Mai addu'a ya yi wa Malam Lawal da gwiwoyinsa. Za a karɓi gaisuwa ranar Talata da ƙarfe tara a barandar asibiti, kuma ana roƙon kowace mai ta'aziyya ta zo da goyonta.

'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sau biyu, na sallame su. Tsoho zai zauna a baranda, rajistar yara da katunan rigakafi a cikinsa, inda gara ba za ta kai gare su ba. Ba zan sayar da shi ba.