Rasuwar 'Yar Baƙa, Abokiyar Sirrin Nasidi Mai Kunne

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Malam Nasidi makanike, na wani gareji a Sanaiya da ke Doha, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar 'Yar Baƙa, na'urarsa ta duba ciwon mota, wadda ta cika ranar Talata da hantsi ba tare da doguwar jinya ba.

Marigayiyar ta biyo shi daga Kano a naɗe cikin zanin maiɗakinsa. Ba ta da surutu. A jona ta ƙarƙashin sitiyari, ta ce "ƙit-ƙit", ta rubuta ciwon a fuskar kwamfuta, shi ke nan. Zurfin ciki kuwa, ba a magana. Duk Sanaiya Mai Kunne ake ce wa Nasidi, don yakan kara kunne jikin mota, ya lumshe ido, ya faɗi abin da ke damunta, Larabawa na ta mashallah. Har ta bar duniya ba ta faɗa wa kowa cewa sai ya leƙa ta tukuna ba.

Ajali ya biyo sabuwar kwamfutar da kafil, wato ubangidansa, ya saya wa gareji, wadda ko gaisuwa ta ƙi yi da tsohuwar na'urar. Nasidi ya sauko daga intanet da wata manhaja da aka ce aikinta ke nan, sasanta tsoho da sabo. Bayaninta kaf bai wuce "a girka, a more" ba. Tana buɗewa ta jero masa zaɓi uku, ba a ce ga amfanin wannan ba, ba a ce hattara da wancan ba. Ya danna wurin neman taimako, aka ce ana nan ana rubutawa. Ya leƙa dandalin masu amfani da ita, ya tarar wani bawan Allah ya yi irin tambayarsa tun 2012, ya dawo ya ce ya gano, ya gode. Me ya gano? Oho! Ba za a yi masa Allah ya isa a ranar makoki ba, amma an ji zafi.

Nasidi ya yi bisimilla ya zaɓi na tsakiya. Marigayiyar ta ce "fiiit", fitilarta ta yi ja, khalas, an gama. Injiniya Abdulbaqi, ɗan garinsu, ya duba gawar ya ce na tsakiyan shi ke goge ƙwaƙwalwa, kuma da an rubuta hakan ko da layi ɗaya ne, da tana nan.

Ta bar igiyarta, da faifan CD ɗinta da babu kwamfutar da ke karɓarsa yanzu, da motar kafil mai wata irin ƙara, wadda Nasidi ya yi alkawarin saurara ranar Asabar a gaban baƙin kafil ɗin. Tun ranar Talata abinci ba ya shiga cikinsa.

Za a kai ta makwancinta, kwandon tarkacen lantarki da ke bayan gareji, ranar Juma'a bayan la'asar. Zaman makoki a ɗakinsu da ke unguwar Mansura, akwai shayi. Masu zuwa gaisuwa, don Allah a hau bas ko a tako. Wanda motarsa ke ƙara ya bar ta gida, mai makoki ba ya ji sosai a 'yan kwanakin nan.