Noti Huɗu na Salansar Kaka

"Lafiya lau muka tashi, kafin ka zo ka tashe mu tsaye. Ina kwana, tsoho?"

"Tsoho yana gidanku. Ɗauko ƙarafunanki, Gimbiya ce ba ta jin daɗi."

Gimbiya dai a-kori-kura ce, kuma ta riga Ƙusa zuwa duniya da shekara goma. Ƙusa kuwa jikar Kaka ce, makanikiya mai garejin kanta, uwar 'ya'ya biyu, amma har gobe Kaka bai daina kiranta da sunan da ya laƙa mata tun tana rarrafe ba, wai siririya ce ga ƙaton kai. Tun motar na bayan layi ta jiyo ta, ɓaɓatu kamar ana jan kwanon rufi a kan kwalta. Tela mai shagon gefe ya fito da almakashi a hannu, ya ga ko waye, ya yi tsaki ya koma.

Ran Ƙusa ya ɓaci ba kaɗan ba. Karo na huɗu ke nan a wata guda tana ɗaure salansar nan tana kwancewa. Ga shi jiya Baffa, babban ɗan Kaka, ya tara ƙannensa ya yanke magana: maƙwabta sun gaji, in aka ƙara kawo masa ƙara a kan hayaniyar motar nan, zai karɓi mukulli, ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa su daddatsa ta. Baffa ba ya magana biyu. Kaka kuwa kowa ya sani, ranar da aka raba shi da mukullin nan an raba shi da ƙafafunsa ne.

"Hau da ita kan rami," in ji Ƙusa, tana nuna masa da hannu. "A hankali, kada ka haɗa da ni."

"Da na huta. Mace sai ka ce sandar rake da aka gama tsotsa."

"Kai kuma fa? Mutumin da in ya yi atishawa sai an bi ƙasa ana tsinto masa hula."

Ya hau da motar, ya kashe. Shirun da ya sauka a garejin har kunne sai da ya yi mata zafi. Ta ɗauki fitila ta sauka ramin, ta haska wurin da bututun salansa ya haɗu da injin. Noti huɗu ne a wurin. Duka huɗun a sake suke, baƙin hayaƙi ya zagaye bakin ƙarfen. Ta leƙo da kanta waje.

"Kaka, wa ya taɓa notin nan?"

"Hanya."

"Hanya ce ta kwance noti huɗu daidai wa daida, kowanne zagaye biyu?"

"Hanyoyin yanzu sun yi boko."

"Ga sawun sifana nan sabo fil a jikinsu, yana ƙyalli."

"To ɓeraye ne. Gidanmu ɓeraye sun yi yawa."

"Ɓeraye masu sifana lamba goma sha huɗu?"

"Ke kin san ɓerayen gidanmu? Shekaranjiya na kama ɗaya yana duba mai a injin. Da ya gan ni ko gezau, sai da ya goge sandar ya mayar."

"Ka ba shi aiki mana, ka rabu da ni."

"Ya fi ki hannu. Abin da ya hana, ya ce ba ya gyara gyaran mata. Ke dai faɗi gaskiya, hannunki ne ba ƙarfi. Wannan hannu naki ko murfin kwalba bai ɗaure ba."

Nan fa ya taɓo mata inda yake mata ƙaiƙayi. Shekara goma sha biyu tana aikin nan, manyan motoci na bin layi a ƙofarta, amma tsoho ɗaya mai haƙori uku ya sa ana nuna ta a layi ana cewa ga wadda ta kasa ɗaure noti huɗu. Ta koma ramin ta kwance su gaba ɗaya, ta zare gaskit ɗin da ke tsakanin ƙarafan biyu. Ya ƙone ƙurmus a gefe guda. Ta sa burushin waya tana kankare tsatsa, tana magana daga ƙasa.

"Ka san Baffa ba wasa yake yi ba ko?"

Kaka na can sama yana ba wa bango labari. "A zamaninmu noti ɗaya ake kamawa, a zura wa sifana bututu mai tsawon mutum, a hau kai da ƙafa biyu."

"Kaka, magana nake maka. Baffa ya ce..."

"Akwai wani noti da na ɗaure wa wata babbar mota ina saurayi. Motar ta tsufa, ta ruɓe, aka kwashe ta. Notin yana nan tsaye a iska har yau, tsuntsaye na sauka a kai."

Raini ne, ta ce a ranta, rainin da ya saba. Ta sake leƙowa, fuska duk baƙin mai. Yana ganinta ya juyo ya kafa wa bakinta ido.

"Irin ɗaurin naku ne ya cinye haƙoran notin duniya," ta ce.

"Mu da haƙori ma muke ɗaurewa in sifana ta ɓata."

"Ashe can suka tafi! Ni ina ta zargin tsufa."

"Ukun da suka rage sun fi talatin ɗinki aiki. Ba ni sifanar in nuna miki. Ki kama na farko ki murɗe shi har sai ya kira sunan uwarsa, sannan ki koma na biyu."

"Allah ya kiyaye. In ka ƙure ɗaya tun sauran na sake, bakin ƙarfen zai karkace, gefe ya danne gefe ya buɗe, hayaƙi ya samu ƙofa. Ka ƙara ƙarfi kuma, ƙarfe mai shekara arba'in ya ce ɓas ya karye a ciki, mu kwana uku muna haƙo shi."

"Gimbiya ba ta karyewa."

"Gimbiyar da igiya ke riƙe da ƙofarta?"

"Ado ne."

Ta sa sabon gaskit, ta shafa wa zaren kowane noti ɗan mai, ta ɗaura su duka huɗun da yatsu har suka zauna. Sannan ta ɗauko sifanar awo, wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai inda aka saita ta. Ta ɗan ja na sama a dama, ta tsallaka na ƙasa a hagu, ta dawo na sama a hagu, ta gangara na ƙasa a dama. Kaɗan kaɗan, zagaye uku tana bin su a gicciye. Kaka ya durƙusa a bakin ramin yana kallo, yana girgiza kai.

"Wannan ɗauri ne ko gaisuwar surukai? Ki taɓa wannan, ki ce ina wuni, ki koma wancan."

"Haka ake yi, don kowa ya ɗauki kayansa daidai."

"Ni da na ɗaure noti har ya yi shekara bakwai yana neman gafara."

Sifanar ta yi ƙas a na farko, ƙas a na biyu, har huɗu. Ƙusa ta fito tana goge hannu da tsumma.

"Ka ji ta ko? Sau huɗu."

"Na ji mana," in ji Kaka da sauri. "Ƙarar banza."

"To hau ka tayar. Ta yi zafi, mu bar ta ta huce, in sake bin su sau ɗaya. Ƙarfe in ya sha wuta ya huce sai ya saki jiki, wannan bin na ƙarshe shi ne ɗaurin."

"Sai ki ce mata za a yi wa wanka da ruwan zafi."

Ya hau, ya gyara zaman hula, ya murza mukulli. Gimbiya ta tashi tashi ɗaya. Kai, wallahi ko Ƙusa ba ta taɓa jin muryar motar nan haka ba, wani lallausan gurnani kamar kyanwa ta ƙoshi. Ta buɗe baki za ta yi masa gori ke nan, sai ta ga ya sake murza mukullin, alhali injin na aiki.

Ƙiiiii! Ƙarfe ya ci ƙarfe, har tela ya sake leƙowa.

Kaka bai ko motsa ba. Ya tsuke baki, ya taka totur, ya sake kai hannu.

"Kin gani ko?" ya ce ta taga. "Kin kashe min ita. Ta ƙi tashi."

Nan take Ƙusa ta gane ba ya jin motar. Ta yi wuf ta riƙe masa hannu kafin ya murza na uku. Ta tsaya tana kallonsa, tsohon da ya goya ta a wuya ya koya mata sunan kowane ƙarfe a cikin motar nan, sai tausayi ya kama ta. Ta ɗauki tafinsa ta ɗora a kan sandar giya. Sandar na rawa a hankali a ƙarƙashin hannunsa.

Ya daɗe a haka. Sannan ya kashe motar da kansa.

Ta zagaya ta shiga ɗaya gefen, ta zauna inda zai ga bakinta.

"Tun yaushe?"

"Me?"

"Kaka."

Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. "Tun bara. Mutanen gidan nan duk sun koma kifi, baki na motsi ba abin da ke fitowa. Baffanki ya zo ya zauna ya yi ta wasa da leɓe, in ce masa to, to. Jiya ma to na ce masa, sai daga baya ƙanwarki ta rubuta min abin da na amsa." Ya shafa sitiyari. "Ita kaɗai ta rage mai yi min magana in ji. In na sassauta mata zagaye biyu, ina jin ta tun daga ƙirji. Na san ta tashi, na san lokacin giya. In kin ɗaure kuma sai in zama kamar ina tuƙa katifa."

"Ni kuma ka bar ni ina shan kunya a layi."

"Kin saba. Da wannan kan naki kika fara."

Dariya ta ƙwace mata, ga hawaye. Ta share da tsumman, ta ƙara wa fuskarta baƙi.

"To ka ji, ba na ɓoye maka. In na bar ta a sake, kafin jibi Baffa ya aiko a yanka ta. In na ɗaure, ba ka jin ta. Kuma wanda bai ji wancan ƙiiin ba, ba zai ji odar babbar mota a bayansa ba. Wannan ba zan rufa maka ba, ko za ka tsine min."

"Tsinuwata tsada gare ta, ba na ɓata ta a kan ƙusa."

Injin na hucewa yana ɗan ƙas ƙas, ita kaɗai ke ji. Can Kaka ya zura hannu a aljihun gaba, ya lalubo wata 'yar tsohuwar sifana da hannu ya cinye ta har tana sheƙi, ya ajiye mata a cinya.

"Ɓeran ya tuba," ya ce. "Sauka ki yi mata gaisuwar surukan ta ƙarshe."

Ta jira sai da ƙarfen ya huce har ta iya dafa shi, ta bi notin huɗu a gicciye. Kowanne ya ɗan ƙara shiga kafin ya yi ƙas. Da ta fito, sai ta tarar ya bar mazaunin direba, ya koma ɗaya gefen ya harɗe, ya miƙo mata mukulli ta taga da yatsu biyu kamar mai miƙa mataccen ɓera.

"Karɓi. Kin ci. Ki gaya wa Baffanki motar ta zama taki, in ya isa ya zo ya yanka motar makanikiya. Amma ba kyautar banza ba ce. Kullum da safe ki zo ki ɗauke ni, duk inda na ce nan za mu."

"Direba ka samu ke nan?"

"Direba mara hannu. Zan zauna a nan in yi ta zaginki daga ƙofar gida har mu dawo."

"Zan rama kuwa."

Kaka ya ƙyalƙyale da dariya, haƙoran nan uku duk a waje. Ya matso da kunnensa kusa da ita.

"Ki rama, 'yar nema. Amma don Allah ki ɗaga murya."