Ranar da Na Shayar da Injin Yankan Ciyawa Zamzam

Na daɗe ina ɗaukar waya ina ajiyewa kafin na yarda in rubuta wannan, don ni mutum ne mai yawan wasiwasi. Amma safiyar nan ta unguwar Ka'akiyya, a nan ƙasa mai tsarki, ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Ina gadin wata istiraha, wato gidan hutu mai filin ciyawa da ake yin biki a ciki. Duk lokacin sanyi injin yankan ciyawa yana kwance a sito, na lulluɓe shi da tsohon bargo (kamar zai yi mura). Ranar walimar auren ɗansa, maigidana Ammu Sale ya ce kafin la'asar yana son filin ya kwanta kamar darduma. Ni kuwa aikin nan shi ne ɗakina, shi ne abincina.

Na fito da inji, na goge filogi. Iska mai laushi tana gangarowa daga duwatsu, ciyawa a jiƙe tana ƙamshin garinmu a farkon damina. Sai ga fadama a idona, ga shanun kawuna suna tafe a hankali, har na ji Inna tana kirana in zo in sha fura. Ina can cikin fadamar na miƙa hannu na ɗauki jarka, na cika tanki.

Na ja igiya, shiru. Na yi bisimilla na sake ja, har kafaɗata ta ƙage. Inji ya yi tari guda ya koma barci.

Ana haka Ammu Sale ya shigo da surukansa.

"Esh hada, ya Malam? Mene ne wannan? Har yanzu?"

Ya buɗe tanki ya shinshina, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana.

"Wallahi moya ne! Ruwa! Wace jarka ka ɗauka?"

Na nuna. Ashe zamzam ce da Hajiya mahaifiyarsa ta ajiye wa baƙi. Ta fetur tana gefe, iri ɗaya (ni da kaina na zuba fetur a irin jarkar, wai don kada a yi asararta).

Wani dattijo cikin surukan ya ce, "Masha Allah, injin ya riga mu shan albarkar biki."

Suka yi ta dariya, ni ina neman inda zan shige. Aka kira makanike ya tsiyaye tanki, na gama yanka ana shimfiɗa dardumai a bayana. Ammu bai kore ni ba. Na dai koya cewa tunanin gida sai bayan an rufe tanki.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ruwan da aka tsiyaye. Ba ya shayuwa, kuma hannuna ya ƙi zubar da shi a kwata. Yana nan a kwalba ƙarƙashin gadona. Don Allah, wanda ya san yadda ake yi da zamzam da ta gauraya da fetur, ya sanar da ni.