Gadin Gyaɗar Matata

Na sha bugun ƙirji a majalisa cewa ni kiɗa ba ya sa ni barci, sai dai ma ya wartsake ni.

Wata rana da hantsi matata za ta tafi barka cikin Roni, ta baza gyaɗar ƙuli-ƙulinta a ƙofar gida. Ta ce, "Malam, don Allah ka sa ido, awakin Jauro suna yawo."

Na ce, "Je ki abinki. Ba a haifi akuyar da za ta taɓa gyaɗar nan ba."

Na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, na kunna busar sarewa a waya don ta ɗebe mini kewa. Farkon busar na ji shi sarai. Ƙarshenta kuwa sai dai a tambayi awakin.

Salatin matata ne ya tashe ni. Gyaɗa ko ƙwaya babu. Wata akuya ma tana kwance a gefen tabarmata tana tuƙa, waya tana ta busa.

Maƙwabcinmu Jauro ya zo ba da haƙuri, dariya ta hana shi. Da ƙyar ya ce, "Malam, ai sun saba bin sarewa."

Har yau in jariri ya ƙi barci a unguwarmu, sai a ce, "A aro wayar Malam."