Yadda Hoton Sama Ya Kwantar da Lidiya a Tsakiyar Mayo

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mini da "ta zo mu ji ta", ko da a layin mai kuke karanta ni, don na san a can lokaci bai yi muku ƙaranci ba.

Ranar Asabar ɗin nan aka koya mana gudun girgizar ƙasa a unguwarmu, kuma har yau bayana bai yafe mini ba. Ni Goggo Adi, shekaruna a Mubi sun haura saba'in, ban taɓa jin ƙasa ta motsa ba sai in tirelar shanu ta bi ta bayan ɗakina. Amma ban ƙi a koya mini ba. Gara in san inda zan nufa tun ƙafata tana jin maganata.

Wanda ya kawo mana wannan alheri shi ne Mai Girma Uban Kwamitin Jiran Girgiza, Allah ya ƙara wa hularsa tsawo. Tun ranar Laraba ya zo da motoci shida, aka warware wani ƙaton ƙyalle mai hoton unguwarmu yadda tauraron ɗan'adam ke hango ta daga sama. Na ga rufin ɗakina, na ga darbejiyar maƙwabciyata Lidiya. A cikin tawagar akwai wata mata mai sanyin murya, Madam Margret, ita ce ta san aikin. Ta ce tauraron yakan wuce ya ɗauki hoto, bayan kwanaki ya dawo ya sake ɗauka, in aka gwama biyun sai a ga inda ƙasa ta lotsa ko ta taso, ko da faɗin yatsa ne. Da haka ake sanin gangaren dutsen da zai iya zaftarowa, da hanyar da masu ceto za su bi in wata ta toshe. Gaskiya abin ya burge ni.

Sai Mai Girma ya karɓi sanda ya nuna wani farin fili a bayan gidajenmu. Ya ce nan ce matattara: ba gini, ba katanga, ba falwayar wuta da za ta faɗo wa mutum. In ƙasa ta girgiza, kowa ya ruga can. Aka yi tafi.

Jama'a, farin filin nan mayo ne. Ga wanda ba ɗan nan ba, mayo rafi ne. Da rani yashi ne fari tas. A farkon damina, kamar yanzu, yashin na nan a bushe yana yaudarar baƙo. Sai a yi ruwa a duwatsun wajen Sahuda, mu nan rana na dukanmu, kafin ka gama cin tuwo ya iso ja wur, ɗauke da itatuwa da awakin mutane.

Kowa a wurin ya san haka, kuma ba wanda ya tanka. A nan ba ma gyara wa babba zance a gaban taro. Jira muke ya koma mota, a raɗa wa direbansa, shi ya san lokacin da zai sako maganar a hanya. Ni na ɗauka dattawan unguwa sun raɗa. Dattawa sun ɗauka mu mata mun raɗa, tunda mu aka sani da baki. Direba dai ya tafi ba wanda ya ce masa ko sannu.

Ranar Asabar da hantsi aka kafa rumfuna uku a tsakiyar yashi, da kujerun roba, da kujera ɗaya mai laushi, da janareta da lasifika da mai kyamara. Aka ce ana bukatar wadda za ta fito a matsayin mai rauni. Aka zaɓi Lidiya, wai tunda dama tana ɗingishi saboda ciwon ƙugu, ba sai an koya mata ba. Suka haɗe ƙafafunta biyu suka naɗe da bandeji, suka kwantar da ita a tabarma, suka ce ta suma, kada ta motsa sai motar ɗaukar marasa lafiya ta zo. Lidiya kuwa shekara talatin tana waƙa a coci ba ta taɓa makara ba. In ta ce to, ta gama magana.

Motar tana layin mai tun safe.

Ana cikin haka Hammanjoda, makiyayin da ke kawo mana nono, ya matso kusa da ni. Ya ce ƙaninsa ya bugo waya daga Sahuda, an kwarara ruwa a can har ya ɗauke, shi kuwa tuni ya hayar da shanunsa tudu. Na ɗaga kai na dubi duwatsu, sun yi baƙi ƙirin.

Na lallaɓa wurin Madam Margret. Ashe ita ma hankalinta a tashe yake, ta nuna mini hoton gajimaren safiyar a wayarta. Ta ce hoton da ke jikin ƙyalle na watan Maris ne, kuma kwanan watan na rubuce a kusurwa, sai dai a daidai nan aka liƙa hoton Mai Girma. A shafi na huɗu na rahotonta ta rubuta cewa da damina filin makarantar kan tudu za a nufa.

"Goggo, shafin farko kawai ake dubawa," in ji ta, "shi ma don a ga ko an rubuta suna daidai."

Ta ce ta aika masa da takarda sau biyu, duk suna aljihun mai riƙe masa jaka.

A lokacin Mai Girma yana jawabi, bai ma gama gaida manyan baƙi ba. Na yi abin da uwata ba ta koya mini ba, na je gabansa na rusuna na ce, ranka ya daɗe, mayo na gab da kawowa. Ya dafe bakin makirufo ya yi mini murmushi.

"Mama, tauraro ya duba wurin nan daga sama bai ga ruwa ba. Ke daga ƙasa kika fi shi gani?"

Mai jaka ya raka ni gefe cikin ladabi. Na wuce kai tsaye wurin Lidiya.

"Lidiya, tashi."

Ba ta buɗe ido ba. Adda take kira na, wato yaya. "Adda, na suma."

"Wanda ya suma ba ya magana."

"To ki daina yi mini tambaya."

"Ruwan Sahuda na hanya."

Ta buɗe ido ɗaya, ta dubi duwatsu, ta mayar ta rufe. Ta ce ta yi alkawari a gaban mutane ba za ta motsa ba sai mota ta zo, kuma ko ta so tashi, da waɗanne ƙafafun? Na gwada ƙullin bandejin, wanda ya ɗaura shi kamar buhun gyaɗa ya ɗaure. Gaɓar mayo kuwa ko mai lafiya sai ya dafa ƙasa yake hawanta.

Na yafito Liyatu mai ƙosai da Habibat matar tela, Hammanjoda ya ajiye sandarsa. Kowa ya kama kusurwar tabarma ɗaya muka ɗaga. Lidiya na kwance ido rufe, tana ba da umarni a hankali: a kula da ƙugun hagu, Liyatu ta daina jijjiga ta.

Mai kyamara ya hango mu, ya ɗauka cikin shirin ne, ya biyo mu da gudu. Jama'a suka ga kyamara ta tafi, suka bi ta. Madam Margret na bayansu tana kora masu nawa. Mai Girma ya ɗago kai daga takarda ya tarar kujeru yake wa jawabi. Ya tattare babbar riga ya hau gaɓa da saurin da ban zaci yana da shi ba, ya iso daidai lokacin da muka kai tudu, ya ɗora hannu a gefen tabarma don hoto. Nauyin ya ƙaru, amma mun daure.

Ba mu gama sauke ta ba muka ji rurin. Ruwa ya kwararo ja wur, ya kwashe rumfunan uku, kujerun roba suka bi a jere, janareta ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Inda tabarmar Lidiya take ɗazu wani kututture ne ke juyi. Lidiya ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta kama zanina.

"Adda, yanzu zan iya farfaɗowa?"

Na ce ta farfaɗo. Hammanjoda ya yanke bandejin da wuƙarsa.

Mai Girma, Allah ya ja zamaninsa, ya sanar a nan take cewa atisaye ya yi nasara, an kwashe jama'a ba a rasa rai ko ɗaya ba, kuma ya kafa ƙaramin kwamiti ya binciki dalilin da ya sa ruwa ya zo ba tare da sanarwa ba. Madam Margret ta yage shafi na huɗu ta manna shi a kan na farko, yanzu filin makaranta ne matattararmu. Hammanjoda ya koma wurin shanunsa. An ga rumfa ɗaya can ƙasa, wani mai rake na zaune a inuwarta. Motar marasa lafiya ta iso bayan la'asar, ta tambayi ina mai raunin, aka ce tana gida tana tuƙa tuwo.

An ce atisaye na gaba na ambaliya ne, kuma da rani za a yi shi. Lidiya ta ce a rubuta sunanta.