Buhu Shida na Tasalla

A wani daji da ke tsakanin kogi da dutse, hatsi ba ya isa bakin kowa sai ya bi ta rumbun gafiyoyi. Su ne 'yan sari. Suna saye tun da kaka, su tara, su rarraba wa 'yan tebur a kasuwannin dajin. Ba su taɓa ɗora ko tiya ɗaya a bayansu ba, Allah ya kiyaye. Wannan aikin jakuna ne, buhu huɗu-huɗu daga safe har faɗuwar rana.

Tasalla ce babba a cikin jakunan dako. Shekara goma sha ɗaya tana hawa da sauka, ga wani gyambo a gadon bayanta da ya ƙi warkewa, don ba a taɓa barinsa ya sha iska ba. Ta san abin da ake yi wa jakar da ta kasa: a kwance mata akumari, a yi mata godiya, a nuna mata hanyar kwarin kuraye. Tsoron wannan rana ne ya sa ta tara 'yan'uwanta suka kai kuka majalisar daji, suna roƙon a yi doka, buhu biyu da hutun azahar. Majalisa ta sa ranar Alhamis.

Ran Laraba da safe Gafiya Mai-rumbu, shugaban 'yan sari, ya kira ta da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Inna Tasalla, mun ji kukanku, wallahi sai da na share hawaye. Yau 'yar gaisuwa za mu aika gidan Zalɓe shugaban majalisa, kamar yadda aka saba, don ba a zuwa gaban manya hannu rabbana. Wa ya cancanci ya kai in ba ke ba? Ki je su gan ki da idonsu."

Daɗi ya kama Tasalla, ta ce a ranta yau manya za su ga halin da ake ciki. Aka fara lodi. Da aka ɗora buhu na biyar gwiwoyinta suka soma rawa, da aka ɗora na shida sai da ta ga duhu. Barmo, abokin aikinta, ya matso ya ce, "Yaya, ki ce musu ya yi yawa mana."

"Gidan shugaba fa za ni, Barmo. In je ina nishi ina rangaji, a ce jakunan dako ba su da tarbiyya?"

Haka uwarta ta rene ta, ba a nuna gazawa a gaban manya. Ta hau dutsen da gidan Zalɓe yake a kansa tana cizon leɓe. Da ta hango ƙofar gidan ta ɗaga kai, ta daidaita tafiya kamar mai zuwa biki. Zalɓe na tsaye cikin farar rigarsa, kuma sai aka yi dace, dace mai ban mamaki, dukan 'yan majalisa sun zo duba lafiyarsa a wannan sa'a. Tasalla ta durƙusa da kayan a bayanta, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe ba tare da an tallafe ta ba.

Zalɓe ya ce, "Haba, da Mai-rumbu bai wahalar da kansa ba. Ku shiga da buhunan ta ƙofar baya."

Sai da ta sauko gindin dutse, inda ba mai ganinta, sannan ta kwanta ta yi kuka.

Ran Alhamis Mai-rumbu ya tashi a gaban majalisa, muryarsa a sanyaye. "Ranku ya daɗe, mu 'yan sari ba ma tsoron doka, nemanta muke yi. Wasu marasa tsoron Allah a cikinmu suna iya ɗora wa jaki abin da ya fi ƙarfinsa, kuma wannan abin kunya ne ga sana'armu. A yanka iyaka yau ɗin nan. Roƙonmu ɗaya, kada a yanka da ji-ta-ji-ta. A yanka da abin da ido ya gani."

Majalisa ta ɗauki tafi. Zalɓe ya miƙa wuya ya ce, "Alhamdu lillahi, wannan majalisa ba ta buƙatar shaidu, don ita kanta shaida ce. Jiya muka ga tsohuwar jaka, mafi shekaru a cikinsu, ta hau dutse da buhu shida, ta durƙusa, ta tashi, ko tari ba ta yi ba. In tsohuwa ta iya, rage wa matasa raini ne gare su."

Tasalla ta zabura. "Ranka ya daɗe, ladabi na yi muku! Ku dubi bayana!" Ta girgiza akumarin ya faɗi, ƙudaje suka taso.

Gwaggon biri, magatakardan majalisa, ya leƙa ya toshe hanci. "Wannan ai tsohon miki ne, Inna. Ya riga dokar zuwa, doka kuwa ba ta komawa baya."

Aka yanke hukunci babu hamayya: daga yau haramun ne a ɗora wa jaki fiye da buhu shida. Maganar hutun azahar aka miƙa wa kwamiti, aka naɗa Mai-rumbu ya jagorance shi saboda kishin da ya nuna. Don karramawa kuma aka sa wa dokar sunan Tasalla, aka nemi ta yi jawabin godiya. Ta dubi 'yan'uwanta da suka sunkuyar da kai, ta juya ta fita.

Sati uku ta yi tana ɗaukar iyakar da doka ta yarda. A na huɗu ta faɗi a tsakiyar hanya, ta kasa tashi. Mai-rumbu ya aiko da saƙon jaje mai ratsa zuciya, ya kuma aiko Barmo ya kwashe buhunan kafin rana ta taɓa su.

Dokar tana nan tana aiki, kuma har yau ba a kama ɗan sari ko ɗaya da laifin karya ta ba.